Gadon da Ba Ya Bin Shamaki: Mutuwar Fuju'a, Ciwon Zuciya na Gado da Haƙƙin Dangi



Gabatarwa

Asalin wannan maƙala wata tambaya ce da ɗalibina ya tare ni da ita bayan darasin fara'id. Mutumin wani ƙauye ne a yankin Tsaskiya, cikin Ƙaramar Hukumar Safana ta Jihar Katsina, kuma bai daɗe da dawowa daga zaman makokin yayansa ba. Yayan nasa magidanci ne mai shekara 31. Ya fita gona da safe lafiya lau, yana tsakiyar huɗa ya yanke jiki ya faɗi, kafin a iso da shi gida rai ya yi halinsa, kafin azahar kuma an rufe shi. Shekara 9 kafin wannan, baffansu ya kwanta barci bai tashi ba, shi ma bai kai 40 ba. Suna kuma da ƙanwa da ke aure a wani gari, wadda takan sume in ta ɗauko ruwa daga nesa, an yi mata ruƙiya har an gaji.

Ya ce mini: "Allah ya gafarta Malam, mutanen gidanmu sun ce kishiyar innarmu ce, har an daina cin abincinta. Ni kuma an sa mini rana. In na yi shiru ban faɗa wa surukaina wannan zance ba, na ci amana?"

Rabin farko na maganar ba shi da wahala ga ɗalibin ilimi: jifar Musulma da maita a kan zato zalunci ne bayyananne. Rabi na biyu ne ya tsayar da ni, har sai da na zauna da wani likitan zuciya. Abin da na ji daga gare shi ya sauya mini fuskar mas'alar. Kafin a kai ga haƙƙin surukai, akwai haƙƙin da ya fi shi gaggawa, wato na waɗanda suka haɗa jini da mamacin, waɗanda mai yiwuwa suna yawo da abin da ya kashe shi ba su sani ba. Abin da nake son tabbatarwa a nan shi ne, a wuri irin Tsaskiya, mutanen da suka fi kowa damar isar da wannan haƙƙi su ne waɗanda dama suke wurin: limamin da ya yi salla, malamin da zai raba gado, da babban gida. Kuma fiƙihun da suka karanta ya riga ya ba su hanya.

Abin da likitoci suka gano

Ya kamata a fara da togaciya, don kada a tayar da hankalin jama'a a banza. Ba kowace mutuwar fuju'a ce ta gado ba. Mafi yawan dattawan da ke faɗuwa farat ɗaya, hawan jinin da ba a kula da shi ba ne ke kai su, ko toshewar jijiyar da ke shayar da zuciya, ko fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. Akwai kuma lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, wadda ta yawaita a gidajen talakawa amma ba a gadonta. Inda likitoci ke tuhumar gado shi ne inda mamacin bai kai shekara 40 ba, ba a san shi da wata cuta ba, musamman in an taɓa yin irin wannan rashi a zuri'ar, ko akwai mai suma yayin aikin ƙarfi ko firgita.

Cututtukan sun kasu gida biyu. Na farko suna cikin tsokar zuciya. Mafi shahara ita ce kaurin tsoka: bangon ɗakin da ke tura jini zuwa jiki yakan yi kauri fiye da ƙima, ta yadda bugun zai iya hargitsewa nan take a lokacin gudu ko noma. An ƙiyasta mutum 1 cikin 500 na ɗauke da ita, da yawansu kuma suna tsufa ba su sani ba. Ita aka samu a binciken gawar Marc-Vivien Foé, ɗan ƙwallon Kamaru da ya faɗi a fili a birnin Liyon na Faransa ranar 26 ga Yuni, 2003, yana da shekara 28. Manyanmu kuma suna tuna Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi a Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana wasa da Angola, bincike ya nuna zuciyarsa ta yi girma fiye da ƙa'ida.

Kishiyar kauri ita ce sakin tsoka, inda zuciya ke buɗewa ta yi laushi kamar salkar da ta gaji, ta kasa tura jini. A nan ne ƙasar Hausa ta shiga littattafan likitancin duniya. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta ta da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta. Wani bincike a Sakkwato ya samu kusan haihuwa 1 cikin 100 na zuwa da wannan ciwo, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Daga baya ayyukan Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero suka ja hankali ga rama da ƙarancin sinadarin seleniyam da hawan jinin masu ciki. A shekarar 2016 kuma wani bincike na ƙasashen waje ya samu kimanin kashi 15 cikin 100 na matan da ke da ciwon suna ɗauke da irin aibin ƙwayar halitta da ake samu a sakin tsoka na gado. Ke nan mai jegon da ta rasu da kumburi da haki, daidai ne a tambayi lafiyar 'yan'uwanta.

Gida na biyu ya fi ɓuya, domin aibin yana cikin lantarkin da ke tsara bugun zuciya, ita kuwa zuciyar ko an buɗe ta za a gan ta lafiya. Akwai wadda likitoci ke ganewa da tsawon wani zango a takardar awon lantarkin zuciya, awon da ma'aikatan asibiti ke kira isiji. Bari mu kira ta cutar dogon zango. Tana samun kimanin mutum 1 cikin 2,000. Iyo a ruwa yakan tayar da ita, haka ƙara mai razanarwa cikin dare, haka lokacin jego. Mai ita yakan sume har ya yi fizge-fizge, sai a ce farfaɗiya ce ko iska. Wasu magunguna da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba suna tsananta ta, kamar kwinin da kulorokwin da iritiromaisin. Akwai kuma cutar Burugada, wadda wasu likitoci 'yan'uwa biyu mutanen Sifen suka bayyana a 1992: ta fi kama maza, ta fi kashewa cikin barci, zazzaɓi mai zafi kuma yana tayar da ita. Mai zaune a ƙasar zazzaɓin cizon sauro, inda harbin bindiga cikin dare ba baƙon abu ba ne, ya san nauyin waɗannan bayanai.

Abin da ya haɗa mafi yawan waɗannan cututtuka shi ne hanyar gadonsu. Ya isa ɗaya daga cikin iyaye ya zamo yana ɗauke da aibin. Kowane ɗa da za a haifa yana da rabin yiwuwar ɗaukarsa, namiji ko mace, kuma kowace haihuwa lissafinta daban. Wani zai ɗauka bai taɓa ciwo ba, ya miƙa wa ɗansa, a wurin ɗan ya bayyana. Wannan ba baƙon ilimi ba ne gare mu. A cikin Bukhari da Muslim akwai ƙissar mutumin da ya yi shakkar ɗansa saboda launin fatarsa, Annabi (SAW) ya tambaye shi game da raƙumansa, har mutumin da bakinsa ya yarda cewa siffa takan fizgo daga kakanni. Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013 Miladiyya, ya rubuta labarin mazan wani ƙauye da jini ba ya tsaya musu in sun ji rauni. A binciken da aka yi a Turai, in aka duba dangin saurayin da ya mutu ba a san dalili ba, ana gano cutar gado a cikin kimanin gida 1 cikin 5 har zuwa rabin gidajen. Ganowar kuma tana da amfani, domin wasu daga cikin cututtukan ana rage haɗarinsu ƙwarai da ƙwaya mai araha irin furofanolol, da guje wa wasu magunguna, da saukar da zazzaɓi da wuri.

Tsakanin faɗuwa da kabari

Mutuwar fuju'a tana da babi nata a Kitabul Jana'iz na Sahihul Bukhari, inda aka kawo hadisin mutumin da mahaifiyarsa ta rasu farat ɗaya ba ta samu yin wasiyya ba, ya tambaya ko zai yi mata sadaka, aka ba shi izini. Ba alama ce ta mugun ƙarshe ga mumini ba, kuma ya kamata limamai su riƙa faɗa wa iyalai haka.

Abin da aka fi mantawa shi ne hukuncin gaggawa. Kowa ya haddace cewa an so a gaggauta shirya mamaci, amma Shaihu Khalil a Mukhtasar ya togace wanda ya nutse a ruwa, masu sharhi irin su Dardir kuma suka haɗa da wanda aradu ta faɗa wa, da wanda gini ya danne, da wanda ya mutu fuju'a: waɗannan ana jinkirta su har a tabbatar da mutuwarsu. Ibnu Rushd a Bidayatul Mujtahid ya kawo ra'ayin likitocin zamaninsa na jinkirta wanda numfashinsa ya ɗauke farat ɗaya har kwana uku. Illar hukuncin ita ce tsoron rufe mai rai. A yau ba a bukatar kwana uku, ma'aikacin lafiya zai tabbatar cikin mintoci. Amma wannan yana nufin kiran ma'aikacin lafiya a irin wannan mutuwa yana cikin abin da mazhaba ta nema, ba bidi'ar asibiti ba ce. In kuwa ya zo, ba abin da zai hana ya rubuta abubuwa kaɗan kafin a ɗauki makara: shekarun mamacin, abin da yake yi sa'ad da ya faɗi, ko yana zazzaɓi, wane magani ya sha a kwanakin, ko ya taɓa suma, wa kuma ya taɓa mutuwa haka a gidan. Bayan sadakar uku, rabin waɗannan amsoshi sun riga sun gauraya da jita-jita.

Ƙarƙashin wannan illa ne kuma nake ganin koyon danna ƙirji ya shiga farillar kifaya. Wanda ya faɗi ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, ana shimfiɗe shi a ƙasa mai tauri, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, zurfin kimanin santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, ba tsayawa. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 in jini bai kai mata ba. Gaskiya ne dannawa kaɗai sau da yawa jinkiri take saya har na'urar girgiza zuciya ta iso, kamar yadda aka ceto ɗan ƙwallon Danmak Christian Eriksen a fili ranar 12 ga Yuni, 2021, kuma da wuya a samu na'urar a ƙauyukanmu. Duk da haka ta fi yayyafa ruwa da hura hayaƙi.

Sai batun binciken gawa. Masu hanawa suna kafa hujja da hadisin A'isha (RA) a Abu Dawud da Ibnu Majah wanda ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. Hujja ce ingantacciya a kan wulaƙanta gawa. Amma Malikiyya da kansu sun halatta tsaga cikin mamaci don ciro dukiya mai yawa da ya haɗiye, sun kuma yi saɓani a kan tsagawa don ciro jaririn da ake fatan rayuwarsa. In haƙƙin dukiya ya kai a keta wannan alfarma, ran magada bai kasa shi ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 10 a Makka cikin 1408 Hijiriyya (1987), ta halatta binciken gawa don gano cututtukan da sai da shi ake gane su, domin a ɗauki matakin kariya da magani. Wannan shi ne hukuncin. Amma a ra'ayina ba nan ya kamata mu zuba ƙarfinmu ba. Ɗaukar gawa daga Tsaskiya zuwa inda akwai likitan da zai bincika ta abu ne da kusan ba gidan da zai yarda ko ya iya, cututtukan lantarki kuma ba sa bayyana a gawa. Masu rai su ne za a bincika.

Takardar gado da takardar jini

Wa ya san masu ran nan, sunansu da inda suke? A ƙauye ba fayil ɗin asibiti da ke ɗauke da zuri'a. Amma akwai zama guda ɗaya da ake lissafa dangin mamaci kaf, a bi su ɗaki ɗaki, a tambayi wanda ke raye da wanda ya riga shi, a nemo wadda ke aure a nesa da cikin da ba a haifa ba. Wannan shi ne zaman rabon gado. Malamin fara'id yana zana bishiyar zuri'ar da likitan zuciya ke nema, ba tare da ya sani ba. Shawarata ita ce, in mamacin ya mutu fuju'a bai kai 40 ba, malamin ya fitar da takarda ta biyu a wannan zama.

Sai dai ya kiyaye, domin takardun biyu ba ƙa'ida ɗaya suke bi ba, kuma sabon da ya yi da ta farko zai iya ɓatar da shi a ta biyu. A gadon dukiya akwai shamaki: ɗa namiji yana katange shaƙiƙai da li'abbai, uba ma haka, li'ummai kuwa ko 'ya mace ta katange su. A gadon jini ba wanda ke katange wani. Shaƙiƙin da bai samu ko kwabo ba saboda mamacin ya bar ɗa, haɗarinsa daidai yake da na ɗan. Namiji ba shi da rabon mata biyu. 'Ya da ɗa, ƙanwa da ƙane, duk rabi ne. Matar mamaci tana da sumuni ko rubu'i a dukiya, amma ba ta cikin takardar jini sai in dama 'yar'uwarsa ce ta zumunci. 'Ya'yan 'ya mace da 'ya'yan 'yar'uwa, waɗanda suke zawil arham, waɗanda asalin mazhaba bai ba su gado ba sai a fatawar mutanen baya, aibin yana isa gare su ta hanyar iyayensu mata kamar yadda yake isa ga asaba. Iyaye kuma, waɗanda muka saba gani a matsayin masu karɓar sudusi, a nan su ne mafari: galibi daga ɗayansu abin ya fito. Ɗan'uwan shayarwa, duk da haramcin aure, ba ya ciki.

A gidan mata da yawa wannan bambanci yana da girma. In aibin daga uba yake, ya shafi kowane ɗaki, har da ɗakin matar da ake zargi. In daga uwa yake, ya tsaya a ɗakinta, amma ya bi ta zuwa 'ya'yan da ta haifa a wani gida kafin wannan aure ko bayansa, waɗanda ƙila ba su ma zo jana'izar ba. A gidan ɗalibina, mutuwar baffa tana nuni ga ɓangaren uba. Ma'ana, 'ya'yan matar da aka daina cin abincinta suna cikin haɗari ɗaya da 'ya'yan masu zarginta.

Ba a cewa zuri'a duka ta tafi asibiti. Ana farawa da zobe na farko: uwa, uba, 'yan'uwa, 'ya'ya. Duk wanda aka samu da cutar, sai a buɗe nasa zoben. Wanda aka duba ba a ga kome ba, musamman yaro, ba a sallame shi har abada ba, domin kaurin tsoka ya fi bayyana a shekarun balaga. Likitoci kan so a sake duba matasa bayan shekara 1 zuwa 3, manya bayan 3 zuwa 5.

Sirri da aure

Za a ce: ashe wannan ba tona asirin gida ba ne? Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a ƙudurinta mai lamba 79 na zamanta na 8 a Burunai cikin 1414 Hijiriyya (1993), ta tabbatar da cewa asali shi ne ɓoye sirrin majinyaci, ta kuma togace inda cutarwar ɓoyewa ta fi ta bayyanawa. Cutar gado tana da wata siffa ta daban: labarin jikin mutum ɗaya labarin jikin 'yan'uwansa ne. Wanda aka gano yana da ita, shi ya fi cancanta ya sanar da su da bakinsa, kuma ina ganin wajibi ne a kansa, domin nasiha ga Musulmi wajibi ce, balle ga ɗan'uwa, balle a kan rai. Amma larura ana auna ta da gwargwadonta. Labarin na masu haɗari ne da wanda zai kai su asibiti, ba na majalisar ƙofar gida ba ne. Limamin da ya tashi a wurin jana'iza ya ce gidan wane suna da ciwon gado, ya musanya tuhumar maita da wani tambarin da zai hana 'yan matan gidan aure.

Yanzu ga tambayar ɗalibina. Aibobin da ke ba da zaɓin warware aure a mashhurin mazhaba sanannu ne: hauka, kuturta, albaras da cututtukan al'aura. Ciwon zuciya ba ya ciki, har Khalil ya ba waliyyi damar yin shiru a kan makanta da makamantanta, sai fa in an sharɗanta lafiya. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya faɗaɗa, ya haɗa duk aibin da ke rushe manufar aure. Abin da ya bayyana gare ni shi ne a rarrabe. Wanda ba a duba shi ba, ɗan'uwan mamaci ne kawai, ba a ɗora masa shelar cutar da ba a tabbatar yana da ita ba. Abin da ke kansa shi ne ya je a duba shi kafin ɗaurin aure, kuma in an tambaye shi kada ya yi ƙarya. Wanda aka tabbatar yana da ita kuwa, rashin zaɓin warwarewa ba ya halatta masa ha'inci; ya faɗa, domin abin ya shafi 'ya'yan da za a haifa, in mace ce kuma ya shafi yadda za a kula da ita a ciki da jego. Allah Shi ne Masani.

Kada kuma a ɗauki wannan a matsayin hanin aure. Mai kaurin tsoka da ke noma da kasuwancinsa ba ya cikin hukuncin mai ciwon ajali wanda Malikiyya suka hana wa aure suka taƙaita kyautarsa ga sulusi. Kada kuma a gwama shi da sikila. Sikila sai iyaye biyu sun haɗu a kai, shi ya sa gwajin kafin aure, irin wanda Saudiyya ta wajabta tun 2004 da wanda Jihar Kano ta sa a doka a 2024, yake da tasiri a kanta. Wannan gwaji ba ya gano cututtukan da muke magana a kai. Haka auren zumunci: ba shi ke haifar da mafi yawansu ba, tunda mutum ɗaya ya isa. Inda yake da hannu shi ne nau'o'i kaɗan, kamar wanda aka bayyana a Norwe a 1957, mai haɗa dogon zango da kurmancin haihuwa. Gidan da ke da kurame masu suma ya kamata su nemi likita kafin su sake haɗa 'ya'yansu. Ruwayar da ake yaɗawa ta hana auren dangi na kusa kuwa, Ibnus Salah ya ce bai samu asali abin dogaro gare ta ba.

Wa zai riƙe takardar?

Masu cewa bin wannan hanya jayayya ce da ƙaddara, Sayyidina Umar (RA) ya riga ya amsa musu a Sargu, sa'ad da ya juya da jama'a daga annobar Sham, ya nuna wa Abu Ubaida (RA) cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Ba zan tsawaita a nan ba. Matsalarmu ta gaske ba ta aƙida ba ce, ta tsari ce. Farillar kifaya in ba a ayyana mai ɗaukarta ba, kowa yakan zaci wani ya ɗauke.

Saboda haka a zaman gadon nan a naɗa mutum ɗaya daga cikin dangi, mai iya karatu da rubutu ko da ajami ne, wanda mata da maza ke jin maganarsa. Takardar tana hannunsa: wa aka duba, yaushe, me aka samu, yaushe zai koma, waɗanne magunguna aka hana shi. Shi zai karɓo wasiƙa daga ma'aikacin asibitin mazaɓa zuwa babban asibiti, na Dutsin-ma ko na Batsari, daga nan zuwa inda akwai likitan zuciya da hoton da ake kira eko, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano. Ya nemi a ba dangin rana ɗaya wurin likita ɗaya, domin takardar isiji ta uba in aka ajiye ta kusa da ta ɗa, takan nuna abin da kowacce ita kaɗai ba ta nuna ba, kuma tafiya ɗaya ta fi biyar sauƙi a aljihu da kan hanya.

Hanyar kuwa ba ƙaramin abu ba ce. Safana da Batsari suna bakin dajin Rugu, kuma shekarun ta'addancin 'yan bindiga sun warwatsa gidaje da yawa: wani yana Katsina, wani Dutsin-ma, wani ya tsallaka Maraɗi. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomi 13 na jihar, waɗannan biyu suna ciki. Gidan da ya dogara ga ƙwaƙwalwar tsoho ɗaya ko lambobin da ke cikin waya ɗaya, dare ɗaya zai iya rasa duka. A rubuta takardar kwafi biyu, ɗaya a ajiye wurin liman ko malamin gadon a matsayin amana.

Mafi wuyar kaiwa su ne 'yan'uwa mata da ke gidajen mazajensu. Fitarsu na bukatar izini, kuɗin mota da na gwaji kuma na bukatar mai biya. A nan wani zai buɗe Mukhtasar ya nuna cewa kuɗin magani ba ya cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji, kuma haka mashhurin yake. Amma an ruwaito daga Ibnu Abdil Hakam, shi ma Bamalike ne, cewa ladan likita da magani suna kan miji, malaman wannan zamani irin su Wahba Zuhaili kuma sun rinjayar da haka, bisa cewa magani a yau ya zama bukata irin ta ci da sha. Ko da mijin ya tsaya a kan mashhuri a batun kuɗi, ba shi da ikon hana ta fita neman abin da zai tsare ranta. Wannan magana in ƙanen matar ya faɗa, rigima ce tsakanin surukai. In liman ya faɗa, fatawa ce. Wanda ba shi da hali kuwa, faƙiri a mazhaba shi ne wanda bai mallaki abin da zai ishe shi shekara ba, kuma ba abin da ya hana a mallaka masa zakka ya biya mota da gwaji. Masu neman inda za su yi waƙafi su sani na'urar isiji ƙarama ce, ana iya ɗaukar hoton takardarta da waya a aika wa likita a birni.

Ɗalibina shi ya riƙe takardar gidansu. Sunaye 11 suka fito a zobe na farko. Cikin wata biyar an duba 7. An samu kaurin tsoka a wurin mahaifinsu, wanda ya haura 60 bai taɓa kwanciya asibiti ba, da kuma wurin wani yaro ɗan shekara 16, ɗan matar nan da ake zargi. An ɗora shi a kan magani, likita ya tsara masa irin aikin da zai yi da wanda zai bari. Shi ɗalibin ba a ga kome ba, an ce ya dawo bayan shekara 3, ya kuma faɗa wa surukansa da kansa, aka ɗaura auren. 'Ya'yan mamacin biyu ƙanana ne, an rubuta lokacin da za a kai su. Ƙanwar nan mai suma ba a kai gare ta ba tukuna: mijinta ya yarda bayan liman ya aika masa, amma an bar tafiyar sai bayan kaka, in hanya ta yi kyau.